Saƙon Inna ga Ɓerayen Balkisa

Tun da na dawo daga Maroko ban huta da tambaya ba. A lekol abokan aikina malamai sun tsare ni, a kasuwar Urafan masu kuka da daddawa sun tsare ni, har mai yi mini kitso ta bar kaina rabi a tsefe ta ce ba ta ƙarasawa sai na gaya mata ko da gaske ne ƙanwata ɓeraye take kiwo. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Na nemi izinin Balkisa kafin in ɗauki biro, domin rabin labarin nata ne, ta ce in faɗi duka.

Balkisa ita ce autarmu, ni ce ƴar fari. Ta samu tallafin karatu zuwa Rabat, ta karanta ilimin halittu, can kuma ta haɗu da Mutari, ɗan Kanambakashe, suka zo gida aka ɗaura aure suka koma. Shekaru suka yi ta wucewa babu ko ɓari. Inna tana addu'a tana aika rubutu da sassaƙe, ba ta taɓa cewa komai ba, sai ranar da wani ɗan uwanmu mai dogon baki ya fassara mata aikin Balkisa. Ya ce ai ɓeraye take taɓawa tun suna ciki, su fito ba sa haihuwa. Daga ranar Inna ta daina karɓar wayarta. In na miƙa mata salula sai ta juya baya ta ce hannunta da ƙullu.

Da bakans, babban hutun makaranta, ya zo, Mutari ya aiko mini da tikitin jirgi ya ce in zo in ga wurinsu. Na san ba yawon buɗe ido yake nufi ba. Ana gobe zan tashi Inna ta kira ni bakin rumbunta. Ba ta faɗin sunana, kunyar ɗan fari, sai ta ce:

"Ke, zamna. Ni ban da ƙahwar tahiya, ke za ki zama bakina. Ki ce ma Auta abin da ta yi ma kusun Allah shi ya dawo mata. Ta aje aikin nan ta taho gida. In ba ta aje ba, kar ta sake nemana."

Kusu dai shi ne ɓera a bakin mutanenmu. Na ce, "Inna, ke da kike ɗana musu tarko kullum?"

"Ni kashewa nikai don sun ci mini hatsi. Ban taɓa hana wata uwa ɗiya ba."

Ta shiga rumbu ta auno gero mai kyau, ta ƙulle a tsohon zane ta ba ni. Ta ce in na je in zuba wa ɓerayen da hannuna, in ce daga uwar Balkisa ne, su yafe. Na so in yi dariya, da na dubi fuskarta sai dariyar ta koma ciki. Tsoro ne fal a idonta, kuma na ji tausayinta ƙwarai.

Motar da ta ɗauke mu daga Urafan zuwa Tasawa irin wadda ake tura ta kafin ta yarda ta tashi ce. An yi ruwa, hanya ta jiƙe, muna tafe muna tangaɗi. Na ajiye ƙullin gero tsakanin ƙafafuna, ashe wani dattijo ya cusa zabinsa ƙarƙashin kujera. Sai da muka kusa gari na ji ana ƙwanƙwasa mini dunduniya. Zabin sun huda zanen suna ta shagali. Na yi masa magana, ya leƙa ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, kasuwa za su, wanga shi ne abincinsu na ƙarshe." A tashar Tasawa na sayi buhun leda na juye abin da ya rage.

A babbar motar Yamai na samu abokiyar zama, wata Hajiya ƴar Gazawa mai fataucin jallabiyoyi. Ta je Kazablanka ba adadi, kuma tun kafin mu kai Maradi ta gama tsara mini rayuwa. In sayi yaji, domin mutanen can ba su san barkono ba sai ƙamshi. Kar in taya kaya in ba saye zan yi ba. Kar in ƙi shayi ko cikina ya cika. A Gidan Rumji ta sa na sayi kilishi, ta cinye fiye da rabi tana ba ni labarin surukanta. Duk shingen jandarma da aka sauke mu nuna katin shaida, ita ce gaba, ta san su sun san ta. Wajen Doso ta dubi buhun da na rungume ta ce, "Wai mi ke cikin nan kike riƙo kamar jinjiri?" Na ce tsaraba ce. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi ta wa ba.

A Yamai na sauka gidan wata ƴar ƙanen babanmu, ta ba ni ɗakin ƴaƴanta da dambun kopto, wato zogale, mai daɗi, sauro kuma suka karɓi nasu rabon a jikina. Jirgin sama ban da abin cewa a kansa sai alheri, in ban da kunnena da ya toshe da abincin da aka kawo cikin ƴan kwanoni kamar na wasan yara.

Rigimar ta jira ni a filin jirgin Kazablanka. An buga mini hatimi a fasfo lafiya, sai wani ɗan duwan, wato kwastan, mai gashin baki ya ce in buɗe jaka. Ya zura hannu cikin geron ya murza, ya tambaye ni da Faransanci ko iri ne na shuka. Na ce a'a. Ya ce to na ci ne? Ni kuma da na shekara da shekaru ina hana yara ƙarya a aji, bakina ya riga hankalina, na ce na ɓeraye ne. Ya dube ni, ya dubi geron, ya kira abokinsa ya ce in maimaita. Na yi musu bayani daga farko, har da Inna da rumbunta. Na zaci za su kwashe da dariya, amma na biyun ya daɗe yana jinjina kai, ya ce shi ma tsohuwarsa tana can ƙauye, kuma da ita ce da ta aikata fiye da haka. Ya ƙulle buhun da kansa ya miƙo mini.

Mutari na jira a waje. Ya rusuna ya gaishe ni kamar muna Kanambakashe, ya karɓi kaya, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Rabat. Mutum ne marar yawan magana. Duk tafiyar abu ɗaya ya tambaya: "Yaya, Inna tana cin abinci?" Na ce tana ci. Ya ce, "To ita wagga ƙanwar taki ba ta ci sosai."

Gidansu a saman bene yake, ɗakuna biyu da madafa da ba ta kai akurkin kajina ba. Balkisa ta rungume ni a bakin ƙofa, na ji ƙasusuwan bayanta. Ba ta tambayi saƙo ba, ni ma ban kawo zancen ba. Muka yi kwanaki a haka, kowa ya san abin da ke cikin jakar ɗan uwansa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne kyanwoyi. Ko'ina suke, bakin masallaci, kan motoci, ƙarƙashin teburin mai kifi, ƙatta da su, kuma ba mai ce musu kis. Mutane har ajiye musu ruwa suke yi a kwano. Na biyu burodi. Mu tuwo muke ci da miya, su burodi ne cokali, burodi ne tuwo, in ya faɗi ƙasa a ɗauka a sumbata a ɗora kan katanga. Ran Juma'a maƙwabciyarsu Lalla Zuhur, wata tsohuwa mai faɗin jiki da faɗin zuciya, ta kawo mana kuskus cikin babban akushi, an jera kabewa da karas a kai. Ya yi kama da burabuskonmu, sai dai ba yaji ko kaɗan. Na zaro nawa na barbaɗa. Ta ce a ɗanɗana mata, ta lasa, ta yi ta tari tana kiran sunan Allah, sannan ta ce in bar mata sauran in zan tafi.

Ita ce ta ja mu gidan wanka na mata. Wannan kam ban saba ba. Mu ko ƴar uwarka ba ta ganin bayanka, su kuwa zaune suke cikin tururi ana hira ana cuɗa juna kamar ana wankin tukwane. Na ƙi cire zanena, wata mai aikin wurin ta kama hannuna ta goge shi da wani ƙyalle mai kaushi har na ga dattin hanyar Doso yana fita. A nan ne wata mata ta dafa cikin Balkisa ta yi mata tambaya da Larabcinsu. Ban ji yaren ba, amma na gane tambayar, domin a Urafan ma da wannan muryar ake yin ta. Balkisa ta yi murmushi ta ɗaga yatsa sama. Ashe ba a gida kaɗai take shan ta ba.

Da muka dawo ta ce, "Yaya, na san Inna ta aiko ki. Ki riƙe saƙon tukuna. Gobe ki zo ki ga kusun, sannan ki hwaɗa mini."

Na shirya kamar mai zuwa biki, na shafa humra har wuya, na ɗauki buhun gero. Muna isa ƙofar sashen dabbobin, mai kula da wurin, wani siririn mutum mai suna Si Larbi, ya shaƙi iska sau ɗaya ya tare hanya. Ba a shiga da turare, wai yana ruɗa ɓerayen har su ƙi barbara. Aka kai ni famfo na wanke wuya da hannuwa da wani sabulu marar ƙamshi. Humrar da na ɓoye tun bikin ƴar maƙwabta ta bi rariya saboda ɓera. Aka sa mini farar riga da hula da safar hannu, har takalmana aka yi musu hula. Geron kuwa ko kusa da ƙofa bai je ba. Si Larbi ya ce abincinsu sai an gasa shi an kashe duk wata ƙwayar cuta, ko tsaba ɗaya daga waje ba ta shiga. Na bar buhun kan kujera, raina ba daɗi.

Ɗakin sanyi gare shi, tsaf, ba taga. Akwatuna na roba masu haske jere a kan kanta har sama, kowanne da ruwansa da iskarsa. Ɓerayen ƙanana ne baƙaƙe masu sheƙi, ba irin namu jajaye masu idon ɓarawo ba. Na tsaya ina kallon wata uwa ta tara ƴaƴanta jajir a ƙarƙashinta. Balkisa ta ce wannan lafiyayya ce. Ta jawo akwatin da ke gefe, mace da namiji su biyu kawai, shimfiɗarsu a share.

Ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa ƴan aji ɗaya. Jikin kowace halitta yana da umarni a rubuce cikin ƙwayoyinsa, wanda ake gada daga uwa da uba. Waɗannan ɓerayen an cire musu umarni ɗaya tak, don a ga aikin da yake yi. In an dube su ba abin da ya same su, suna ci suna wasa. Amma matan sai su haifi kaɗan a farko, haihuwa ta gaba ta ragu, daga nan shiru, alhali ƴan uwansu suna kan ganiyarsu. Ta kai ni wani ɗaki ta sa na leƙa madubin da ke ƙara wa abu girma. Na farko gidan ƙwai ne na lafiyayyar ɓera, cike da ƴan da'irori manya da ƙanana kamar an yanka gwaba. Na biyu ya tsuke, ya yi rabin wancan, da ƙyar na ga da'ira ɗaya a gefe. Ƙwayayen sun ƙare tun kafin lokacinsu.

Na ɗago na ce, "To wadda aka ciro ma wannan, tana ina?"

"An kashe ta, Yaya. Ana sa su barci tukuna. Ba ni ce miki ba hakki. Kullum sai na yi bisimilla, kuma kullum sai na ji shi a raina."

Na ji daɗi da ba ta yi mini kwana-kwana ba. Muka tuɓe kayan muka fita, muka zauna kan wani benci ƙarƙashin itacen lemu, rana tana tsaka. Nan na sauke saƙon Inna kalma da kalma, ban rage ba, ban sa masa zuma ba. Ta saurara har ƙarshe tana kallon buhun geron.

Ta ce, "Yaya, na biyun da kika gani a madubi, haka nawa yake."

Ashe tun tana shekara ta biyu a jami'a al'adarta ta fara tsallake wata, daga baya ta ɗauke. Likitoci suka auna suka ce ƙwayayenta sun kusa ƙarewa, abin da ke samun mace in ta manyanta ya same ta tana budurwa. Lokacin ko ɓera ɗaya ba ta taɓa riƙewa ba. Ta gaya wa Mutari tun kafin ya kai kuɗin gaisuwa, ya ce ya ji, ita yake so. Duk maganar da danginsa ke yi shekarun nan shi yake shanyewa bai taɓa buɗe baki ba. Bayan haka ne ta nemi wannan aikin da kanta.

Ta ce, "Ni tawa ta wuce. Amma in anka gane mi ke cinye ƙwan da wuri, wata yarinya za a auna ta tun da sauran lokaci, a gaya mata. Ni ba wanda ya gaya mini."

Na ce, "Don mi ba ki hwaɗa muna ba?"

"In ce ma Inna mi? Abin nan wani lokaci yana bin dangi. In ta ji haka, kanta za ta ɗora ma laihi. Gara ta ɗora ma kusu." Ta kama hannuna. "Ki gaya mata komi, ban da maganar bin dangin nan." Na yi mata alkawari.

Na yi kuka a kan bencin nan, ba na ɓoyewa. Kyanwoyi biyu suka zo suka zauna suna kallonmu.

Geron dai ba mu mayar da shi Nijar ba. Na ce amana ce, ba na iya cinye ta duka, sai muka hau rufin bene muka watsa wa tantabaru tafi biyu da niyyar sadaka. Sauran Balkisa ta niƙa a injin markaɗe, muka yi fura da nonon Maroko mai tsami. Ta sha kofi biyu a tsaye. Mutari ya dube ni ya yi murmushi. Lalla Zuhur ta ɗanɗana ta ce da sauran sukari.

Dawowa ba ta da labari, in ban da jakata da ta yi nauyi da dabino da man zaitun har ɗan kamasho a Tasawa ya tambaye ni ko duwatsu na sayo. Na iso Urafan da la'asar, gero ya yi kai a gonaki. Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Ta bari na sha ruwa, maƙwabta suka yi barka suka watse, sannan ta ce:

"Sun ci?"

"Ba su ci ba, Inna. Ba a bari."

"Ta aje aikin?"

"Ba ta aje ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na gyara zama na ba ta labarin abin da na gani a madubi, da abin da likitoci suka faɗa, da cewa ciwon ya riga aikin da shekaru, da cewa Mutari ya sani tun kafin aure. Maganar cewa ciwon yana bin dangi kuwa na haɗiye ta kamar yadda na yi alkawari. Hannun Inna ya tsaya cikin faifai.

"Jinin ya ɗauke mata tana budurwa?"

"E."

"Kamar Tabawa ke nan."

Tabawa ƙanwar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta rasu ina ƙaramar malama. Aure uku ta yi, ko'ina aka sallame ta don ba haihuwa, ta ƙare rayuwarta a ɗakin da ke bayan namu tana sayar da ƙuli-ƙuli. Ban taɓa sanin dalilin ba sai ran nan.

"Ni kaɗai ta gaya ma," in ji Inna. "Na ce mata ta yi shiru, abin kunya ne. Tabawa ko kaza ba ta iya yankawa, bare ta cuci kusu." Ta ture faifan gefe, ta goge hannu a zane. "Kira mini ita."

Na latsa lambar. Balkisa ta ɗauka ta ce, "Yaya, kin isa lahiya?" Inna ta karɓi salular ta riƙe da hannu biyu.

"Auta, ni ce."

Ta gyara riƙon salular ta ci gaba.

"Kusun nan naki, in suna jin ciwo, akwai mai duba su?"

"Akwai, Inna. Kullum ana duba su, ana ba su magani."

"To ke hwa? Shekara nawa kina ɗauke da naki, wa ya duba ki?"

Balkisa ta fashe da kuka, har daga inda nake zaune ina ji. Inna ba ta hana ta ba. Ta jira har ta lafa, sannan ta ce, "Zamna ki gama aikinki. Amma gobe ki kira ni, ki hwaro mini tun daga ranar da ya soma."